Kifin Sikotland a Bakin Iyaka: Yadda Takardu Suka Tsayar da Sana'a a Janairun 2021

Har zuwa ƙarshen shekarar 2020, kafin Birtaniya ta kammala ficewa daga Tarayyar Turai, masuncin da ya fito da kamunsa daga teku a yammacin Sikotland ranar Litinin yakan kwana da tabbacin cewa ranar Talata kayan suna Boulogne-sur-Mer, a arewacin Faransa. Idan jatan lande ne, irin manyan nan da ake kira langoustine, da ransu suke isa, kowane ɗaya a tsaye cikin ɗan gurbinsa a akwati don kada su raunata juna. Idan ƙaguwa ce ko lobsta, a tankunan ruwan teku ake ɗaukar su a bayan tirela, inji yana hura musu iska duk tsawon hanya. Mai saye a Faransa ko Sifaniya ko Italiya rai yake saye. Wanda ya iso yana motsi kuɗinsa daban, wanda ya mutu a hanya kuwa sau da yawa sai juji.

A kan wannan saurin aka gina sana'ar gaba ɗaya. Mutanen Birtaniya ba su cika cin abin da masuntansu ke kamawa ba. Yawancin kamun waje ake kai shi, su kuma su shigo da irin kifin da bakinsu ya saba da shi. Kifin salmon da ake kiwo a gaɓar tekun Sikotland yana sahun gaba cikin abincin da ƙasar ke samun kuɗi da fitar da shi, kuma Faransa ce babbar kasuwarsa. Hanyar kusan ɗaya ce ga kowa: ƙananan motoci su kwaso kaya daga tsibirai da ƙananan tashoshi, a tara su a sito kusa da Glasgow, a loda wa manyan motocin sanyi da yamma, su kwana suna gudun fiye da kilomita 700 zuwa tashar jiragen ruwa ta Dover ko bakin ramin jirgin ƙasa na ƙarƙashin teku, kafin rana ta ɗaga suna Faransa.

Tun ranar 1 ga Janairu 1993, da kasuwar bai ɗaya ta Turai ta fara aiki, babu wanda ke cike takardar kwastan a kan wannan hanya. Direba yana riƙe da takardar rakiyar kaya, wadda ake kira CMR, da takardar ciniki, shi ke nan. Shekara 28 ana haka. Wanda ya shiga sana'ar yana saurayi ya yi furfura a cikinta bai taɓa neman likitan dabbobi ya sa masa hannu don ya kai kifi Faransa ba.

Yarjejeniyar jajiberin Kirsimeti

Ranar 23 ga Yuni 2016 Birtaniya ta yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 52 cikin 100 suka zaɓi fita daga Tarayyar Turai, ko da yake a Sikotland kashi 62 zama suka zaɓa. Masunta da dama sun goyi bayan fitar, don sun daɗe suna kukan cewa jiragen maƙwabta na kwashe kifin ruwansu. Ƙasar ta fita a hukumance ranar 31 ga Janairu 2020, amma aka bar ciniki yadda yake har ƙarshen shekarar domin a samu a daidaita. Ba a daidaita ba sai ranar 24 ga Disamba, saura mako guda wa'adi ya cika, kuma yarjejeniyar da aka fito da ita ta haura shafi 1,200.

Abin da aka fi yayatawa a cikinta shi ne babu kuɗin fito, babu ƙayyade yawan kayan da za a tura. Wannan gaskiya ne. Sai dai yafe kuɗin fito bai yafe takarda ba. Daga ƙarfe 11 na daren 31 ga Disamba, agogon Landan, dokar Turai ta koma kallon Birtaniya a matsayin baƙuwar ƙasa, daidai da yadda take kallon Najeriya ko Brazil, kuma duk abin da ya fito daga jikin dabba ko daga ruwa, idan daga baƙuwar ƙasa yake, sai ya zo da shaida. Ba a ranar aka san da haka ba. Ko da yarjejeniya ko babu, muddin an fita daga kasuwar bai ɗaya, takardun nan suna nan suna jira. Shi ya sa tun watan Nuwamba shugabannin masana'antar abinci ta Sikotland suka roƙi Firaminista Boris Johnson ya nemo musu sassaucin wata shida, a gwada tsarin kafin a ɗora masa nauyi. Ba su samu ba.

Takardun da lodi ɗaya ke bukata

Mu bi lodi ɗaya na langoustine daga bakin ruwa.

Ta farko ita ce takardar shaidar kamu. Tarayyar Turai ta kafa dokarta a 2008, ta fara aiki a 2010, domin toshe ƙofa ga kifin da aka kama ba bisa ƙa'ida ba. A ciki ake rubuta sunan jirgin da ya yi kamun, lambarsa, ranar da ya sauke, yankin tekun, nau'in kifin da nauyinsa, sannan hukumar kamun kifi ta tabbatar. Dillalin da ya sayi kamun jirage goma, duk goman sai sun bayyana. Salmon na kiwo ba ya bukatarta, tun da ba kama shi aka yi a teku ba.

Ta biyu ita ce ta fi kowace cin rai: takardar shaidar lafiyar kaya. Ba mai kaya ne ke cike ta shi kaɗai ya wuce ba. Dole sai likitan dabbobi da gwamnati ta amince da shi, ko ma'aikacin duba-gari na ƙaramar hukuma, ya gamsu da kayan ya sa hannu. Ana rubuta ta da Turanci da kuma harshen ƙasar da za a shiga ta iyakarta, a nan Faransanci. Sunan halittar na kimiyya ake sawa, Nephrops norvegicus, ba sunan kasuwa ba. Sai yawan akwatuna, nauyin kayan ban da na akwati, lambar amincewa ta masana'antar da ta shirya su, lambar motar, lambar hatimin da aka kulle ƙofarta da shi. Kowane shafi da lambarsa, da hatimi, da sa hannu. Launin tawadar hatimin da ta sa hannun dole ya bambanta da launin rubutun takardar, don a iya rarrabe ta asali da wadda aka yi wa hoto. Duk sashen da bai shafi kayan ba sai a ja masa layi, a buga hatimi a gefensa. Kuma ainihin takardar ce za ta bi direba a mota. Idan lodin ya haɗa kamun teku da na kiwo, ko mai rai da wanda aka sarrafa, ko kuma masu saye daban-daban za a kai wa, takardar ba ɗaya ba ce, kowane rukuni da tasa.

Daga nan sai kwastan. Mai fitarwa sai da lambar rajistarsa, EORI, mai saye ma sai da tasa ta can. A shigar da bayanin fitar kaya a na'urar kwastan ta Birtaniya, wadda a lokacin ake kira CHIEF, da lambar da aka ware wa wannan nau'in kaya a kundin kwastan. Kuɗin fiton da aka ce an yafe ma ba ya yafuwa da kansa: sai an rubuta a jikin takardar ciniki cewa asalin kayan na Birtaniya ne. A can tsallake, mai saye ko ejan ɗinsa zai shiga manhajar Tarayyar Turai mai suna TRACES ya sanar da jami'an iyaka cewa kaya na tafe, ya kuma shigar da bayanin shigo da kaya ga kwastan na Faransa. Har katakon da ake ɗora akwatunan a kai sai ya zama wanda aka gasa aka buga masa tambari, don kada ya ɗauko ƙwari. A lokacin, shi kansa direban sai da izinin shiga lardin Kent, inda Dover take, in ba haka ba tarar fam 300, ga kuma gwajin korona da bai wuce awa 72 ba, wanda Faransa ta wajabta bayan ta rufe iyakarta na kwana biyu dab da Kirsimeti. A watan Fabrairu BBC ta ƙirga takardun mota ɗaya ta wani kamfanin kifi a kudu maso yammacin Ingila, ta samu shafi 71.

Yawan shafukan ba shi ne ainihin wahalar ba. Wahalar ita ce duk sai sun yi magana da baki ɗaya. Nauyin da ke takardar lafiya shi ne zai kasance a TRACES, shi ne a takardar ciniki, shi ne a bayanin kwastan na ɓangarorin biyu. Mutum huɗu ko biyar ne ke cike su, a garuruwa daban, a ƙasashe biyu. Ƙa'idar sanarwa kuwa ita ce a yi ta da ranar aiki guda kafin kaya su iso, ko da yake doka ta ba da damar a rage zuwa awa huɗu idan yanayin sufuri ya tilasta. To, kwana guda kafin isowa, langoustine ɗin yana ƙarƙashin teku, babu wanda ya san kilo nawa za a kama. Sai a sa kintace, sannan a dawo a gyara bayan an auna, kuma gyaran sai ya bi kowace takarda. Inda aka manta guda, nan mota za ta tsaya.

Larkhall

A garin Larkhall, kudu da Glasgow, kamfanin sufuri na DFDS ke da babban siton da mafi yawan kifin Sikotland ke bi ta cikinsa. Hukumar kula da ingancin abinci ta Sikotland ta girke jami'anta a can da wasu cibiyoyi biyu, don a riƙa sa hannu a wuri guda maimakon kowane ɗan kasuwa ya yi ta farautar duba-gari a garinsu. Dabarar mai kyau ce a takarda.

Babban kamfanin salmon yana cika tirela shi kaɗai: nau'i ɗaya, mai kaya ɗaya, sau da yawa mai saye ɗaya. Ƙananan 'yan kasuwa kuwa haɗaka suke yi, kamar yadda 'yan gwari ke haɗa kwandunan tumatir a mota ɗaya daga Kano zuwa Legas, kowa da alamarsa a jikin nasa. Wannan yana da akwati ashirin, wancan hamsin, kowa da mai sayensa. A da, wannan ba ya hana komai. Yanzu kowane mai kaya da tarin takardunsa, motar kuma hatimi ɗaya ake kulle ta da shi. Idan mutum ɗaya ya rubuta lambar kaya ba daidai ba, motar duka ce za ta tsaya, har da kayan waɗanda ba su yi kuskuren komai ba. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Haka kuwa aka yi tun makon farko. Binciken da aka zaci na ɗan lokaci ne ya koma cin sa'o'i a kan mota ɗaya. Kamfanoni suna aiko takardu da giɓi, ko da nauyin da bai dace da abin da ke cikin akwati ba. Na'urorin ɓangarorin biyu suna ƙin karɓar wasu lambobin kaya. Motar da ta tsallake teku ma ba ta tsira ba, domin Faransa ta ware Boulogne a matsayin wurin binciken kifi, kuma a can jami'an lafiyar dabbobi ke duba takarda shafi-shafi, su duba hatimin ƙofa, wani lokaci su buɗe akwati. Tafiyar kwana ɗaya ta koma ta kwana biyu, uku, har fiye. Kafin mako na biyu ya kama, DFDS ta dakatar da ɗaukar kayan haɗaka gaba ɗaya don ta kwashe waɗanda suka taru, kuma dakatarwar ta kai wajen 18 ga wata. Masu cika mota su kaɗai suka ci gaba da lallaɓawa. Ƙananan kuwa hanya ta rufe musu ruf.

A nan ne nake ganin zuciyar lamarin take. Kuɗin takarda da lokacinta ba su san girman lodi ba. Likitan da zai sa hannu a kan tan 20 na salmon, kusan aiki ɗaya zai yi da wanda zai sa hannu a kan kilo 200 na langoustine, ejan ɗin kwastan ma kuɗin shigar da bayani ɗaya zai karɓa. Babba ya raba kuɗin a kan tan 20 bai ji komai ba, kuma yana da ma'aikatan ofis da aikinsu ke nan. Ƙarami, wanda shi ne mai saye a bakin ruwa, shi ne akawu, matarsa ce ke amsa waya, ribar lodin duka na iya tafiya a takarda. Kuɗin fito aƙalla gwargwadon darajar kaya ake biyan sa, kowa daidai ƙarfinsa.

Da hanya ta toshe

Labari ya koma baya zuwa bakin teku cikin 'yan kwanaki. Masu saye a Faransa da Sifaniya da suka karɓi kaya a makare, ko suka karɓi matattu, suka fara soke oda suna neman kaya a wasu ƙasashe. Dillalai suka ce wa masunta kada su fita, don ba su da inda za su kai. A kasuwar gwanjon kifi ta Peterhead, wadda ta fi kowace girma a Birtaniya, farashin wasu nau'o'in ya faɗi da rabi, wasu ma fiye. An ruwaito cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na jiragen kamun kifin Sikotland na ɗaure a tasha. James Withers, shugaban ƙungiyar masana'antar abinci da abin sha ta Sikotland a lokacin, ya kiyasta asarar masu fitar da kifi da fam miliyan ɗaya a kowace rana.

Masu manyan jirage suka samo wata mafita mai ciwo. Maimakon su sauke a gida, sai su miƙe su tsallaka Tekun Arewa zuwa Hanstholm a Denmak, su sayar a cikin Tarayyar Turai kai tsaye. Elspeth Macdonald, shugabar tarayyar masuntan Sikotland, ta rubuta wa Firaminista a tsakiyar watan tana shaida masa cewa wasu na yin tafiyar awa 72, zuwa da dawowa, don kawai su samu farashin kirki. Duk kifin da aka sauke a Denmak, masu feɗe shi da masu shirya shi a Peterhead da Fraserburgh sun rasa aikin ranar ke nan.

Ranar Litinin 18 ga Janairu, manyan motocin kifi fiye da 20 suka shiga tsakiyar Landan suka yi ta zagaya majalisa da fadar Firaminista, jikinsu ɗauke da rubutun da ke zargin gwamnati da kashe sana'arsu. Lokacin kullen korona ne, 'yan sanda suka ci mutum 14 tara. Kafin nan Boris Johnson da ministocinsa suna ta cewa laulayin fitowar haƙori ne kawai, zai wuce. Jagoran majalisar wakilai, Jacob Rees-Mogg, har cewa ya yi a zauren majalisa ai kifin yanzu na Birtaniya ne, ya fi jin daɗi. Mutumin da ya zubar da lodin mako guda a juji ba ya bukatar a yi masa raha da abincinsa, kuma maganar ta ƙona wa mutanen gaɓar teku rai ƙwarai. Washegarin zanga-zangar gwamnati ta sanar da asusun diyya na fam miliyan 23, kowane kamfani zai iya neman har fam 100,000 idan ya nuna shaidar asara. A watan Fabrairu aka kafa kwamitin warware matsalar a ƙarƙashin minista David Duguid.

Da hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta fitar da alƙaluman watan, kayan da aka fitar zuwa Tarayyar Turai sun ragu da kashi 40.7 cikin 100 idan aka kwatanta da Disamba, na kifi da sauran halittun ruwa kuwa da kashi 83 idan aka kwatanta da Janairun shekarar da ta gabata. Adalci shi ne a faɗi cewa ba duka ne laifin takarda ba. Gidajen abinci a Faransa suna rufe saboda annoba, kuma kamfanoni da yawa sun tura kaya da yawa a Disamba don gudun abin da zai biyo baya. Amma langoustine mai rai ba a tara shi a sito a jira wata guda.

Laifin wa?

An yi ta cewa Faransawa ne suka tsananta da gangan don su huce haushi. Ban yarda da wannan ba. Dokokin nan sun girmi ficewar, Birtaniya na zaune a teburin da aka rubuta su, kuma jami'anta sun shekara da shekaru suna aiwatar da su a kan kifin wasu ƙasashe a tashoshinta. Kowace takarda da dalilinta. Mai cin kifi a birnin Lyon na Faransa bai san masuncin ba, bai ga ruwan da aka kama shi ba. Lokacin da ƙasashen biyu ke ƙarƙashin doka ɗaya da kotu ɗaya, wannan haɗin ne ke tsaya masa. Da aka raba doka, sai sa hannun likita ya maye gurbin. Su ma kamfanonin ba a rasa masu sakaci a cikinsu ba, waɗanda suka zauna suna jiran a ce an fasa.

Babban alhakin dai yana kan waɗanda suka san nauyin da ke tafe suka bar shi ya faɗo wa mutane a dare ɗaya, a tsakiyar hutun ƙarshen shekara, a tsakiyar annoba, ba tare da an taɓa gwada mota ɗaya ta haɗaka daga Larkhall zuwa Boulogne a ƙarƙashin cikakken tsarin ba. Hujjar kuwa ita ce abin da Birtaniya ta yi a tata ƙofar. Ta san 'yan kasuwa ba su shirya ba, don haka ta ɗage binciken kayan abincin da ke shigo mata daga Turai, ta sake ɗagewa, har sau biyar. Ba ta fara neman takardar shaidar lafiya ba sai 31 ga Janairu 2024, binciken ido da ido kuma sai 30 ga Afrilu na shekarar. Shekara uku cur mai kifin Faransa yana shiga Ingila kusan hannu sake, ɗan'uwansa na Sikotland yana ɗauke da fayil.

Kayan da babu takardarsu

Akwai waɗanda matsalarsu ta wuce kuskuren cikewa. Halittun teku masu kwanso biyu, irin su kawa, ruwa suke tacewa su ci, don haka duk dattin da ke ruwan yana taruwa a cikinsu. Turai ta kasa ruwayen da ake ɗebo su aji-aji. Na ajin A ana iya ci kai tsaye, na ajin B sai an jiƙa su a tankunan tsabtacewa tukuna. Yawancin ruwayen Ingila da Wales ajin B ne, kuma abin da aka saba shi ne a tura su haka nan, a tsabtace su a Faransa ko Holan kusa da kasuwa, domin da zarar an tsabtace su ba sa daɗewa. Doka kuwa ba ta yarda a shigo da na ajin B daga baƙuwar ƙasa ba tare da an tsabtace ba. Ma'aikatar muhalli ta Birtaniya, ƙarƙashin George Eustice, ta shaida wa masu sana'ar cewa zuwa Afrilu za a samu takardar da ta dace. Hukumar Tarayyar Turai ta ce babu wannan maganar, haramcin na dindindin ne. Irin shuka na dankalin Turawan Sikotland ma haka ya tsinci kansa a waje. Wanda zai fitar da kaya, kafin ya tambayi yadda ake cike fom, ya fara tabbatar da cewa ƙasar da zai kai wa tana da fom ɗin da ya karɓi irin kayansa daga irin ƙasarsa.

Ɗan kasuwar Dawanau da ke tura riɗi ko zoɓorodo waje ba baƙon wannan ba ne. Shi tun asali a wajen katangar yake: rajista da hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki, fom ɗin NXP ta banki, shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar killace kayan gona, shaidar binciken kaya kafin lodi, takardar lodin jirgi, shaidar asalin kaya. Ya kuma ga yadda ƙofa ke rufewa gaba ɗaya, tun da a watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos da aka yi ta samu a cikinsa, kuma babu hatimin da ya isa ya buɗe ta. Bambancinsa da mai langoustine shi ne riɗi na iya kwana goma a Apapa, a biya kuɗin jinkiri, ya isa lafiya. A ranar 1 ga Janairu 2021 ɗin nan ce kuma aka ayyana fara ciniki ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka, wadda ita ma kan rage kuɗin fito aka fi tallata ta, alhali mai kaya ba zai ci moriyar ragin ba sai ya riƙe shaidar asalin kayansa.

Bayan ƙura ta lafa

Zuwa bazara motoci sun koma tafiya. Kamfanoni sun ɗauki ma'aikatan takarda, jami'ai sun saba, an fito da tsarin da ke ba mai kaya damar ba da shaidar masana'antarsa tun kafin kaya su iso cibiya, an kuma soke izinin shiga Kent a watan Afrilu. Haɗaka ta dawo, amma da sharaɗin a kawo kaya da takardu da wuri, wanda ke nufin jirgin da ya makara da saukewa ya rasa motar ranar. Kuɗin kowane lodi ya hau ya zauna. Wasu ƙananan masu fitarwa sun daina aikawa da kansu, suka koma sayar wa manyan da ke da ofishin takarda, wasu kuma suka bar kasuwar Turai.

Ranar 19 ga Mayu 2025, Firaminista Keir Starmer ya karɓi shugabannin Tarayyar Turai a Landan, aka amince za a ƙulla yarjejeniya kan lafiyar dabbobi da tsirrai wadda za ta kawar da yawancin takardun shaidar lafiya da binciken iyaka, bisa sharaɗin Birtaniya ta riƙa bin dokokin Turai a wannan fanni. A zaman ne kuma aka tsawaita damar jiragen Turai ta kamun kifi a ruwan Birtaniya da shekara 12, har zuwa 2038. Masu kiwon salmon, waɗanda damuwarsu hanya ce, sun yi maraba da sanarwar. Tarayyar masuntan Sikotland, waɗanda damuwarsu ruwa ne, ta yi tir da ita da kakkausar murya. A ranar dai ba a soke takarda ko ɗaya ba, domin abin da aka sa wa hannu alkawarin zama a tattauna ne, kuma motocin da suka tashi daga Larkhall a daren sun tafi da takardunsu cikakku.